Yadda na gyara zafin laftof da ƙarar fanka

Kusan wata biyu laftof ɗita na ba ni wahala, da na kunna gem ko minti goma ba a yi fanka ta fara ƙara kamar jirgi zai tashi, saman kibod kuwa zafi rau. Na duba da HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, sai ga firosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, na kaiwa digiri 95, ashe shi ya sa gem ɗin ke sarƙewa, rage gudu take da kanta don kar ta ƙone.

Na kashe ta na kwance murfin ƙasa, na fara zare wayar batir tukuna. Wallahi ƙurar da na tarar tsakanin fanka da ƙarfen fitar da zafi ta dunƙule kamar auduga, iska ta ina za ta wuce? Na share da tsohon buroshi, na danne fankar da yatsa lokacin hurawa kar ta yi ta juyawa. Man nan ruwan toka na kan firosesa, mai taimakawa wajen kai zafi ga ƙarfen, ma ya bushe ƙamas, na goge na sa sabo, ɗan ɗigo kawai.

Sai na ƙayyade gem ɗin a firem 60, wato hotuna 60 a kowane sakan, na ɗaga bayan laftof ɗin da littafi. Ɗorawa kan katifa ma na daina, wannan kam laifina ne. Yanzu wajen digiri 78 take tsayawa, fankar sai ka kasa kunne.