Yadda ake nemo kuɗin gwamnati don 'yan sanda su koyar da ɗalibai gudun kalare (daba) a makarantun Gombe

Yawancin takardun neman irin wannan tallafi tun daga adireshi suke ɓacewa. Sai kwamitin iyaye ko ƙungiyar unguwa su rubuta wa Kwamishinan 'yan sanda suna neman kuɗi, ko su kai wasiƙa gidan gwamnati su bari a hannun mai karɓar saƙo. Rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, haka sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tsara, don haka ba ta cikin ma'aikatun da majalisar dokokin jiha ke yanka wa kasafi. Asusun tallafa wa 'yan sanda da aka kafa da dokar 2019 shi ma na horo ne da kayan aiki da jin daɗin jami'ai, kada ku ɓata takalminku a can. Abin da za ku samu a wajen 'yan sanda shi ne jami'ai da izini. Kuɗin yana ma'aikatar ilimi, da hukumar SUBEB mai kula da ilimin matakin farko a jiha, da ƙaramar hukuma, da hannun 'yan majalisa. Duk wahalar ita ce a samar wa shirin gurbi mai suna da lamba a cikin kasafin ɗaya daga cikinsu, kuma a kan lokaci.

Ku fara da haɗa masu nema. Shugaban makaranta shi kaɗai ba zai iya ba, domin ma'aikaci ne, ba ya tsallake na gaba da shi. A sa kwamitin SBMC, wato na al'umma mai kula da makaranta, da na PTA a gaba, a jawo shugaban PCRC na yankin, wato kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ake da shi tun 1984, sannan mai unguwa ko hakimi. Su za su je wajen DPO, shi kuma ya rubuta zuwa hedikwata. A can akwai shirin POCACOV na yaƙi da ƙungiyoyin asiri da miyagun ɗabi'u, wanda ya faro daga Enugu kafin a mayar da shi na ƙasa baki ɗaya, kuma shiga makarantu aikinsa ne tun asali. Abin da kuke so ku fito da shi takarda ce mai sa hannun Kwamishinan 'yan sanda ko wanda ya wakilta, da ke cewa rundunar ta amince, ta kuma ware jami'ai kaza. "Ba damuwa, za mu zo" na baki ba ya shiga fayil.

Me za a koyar?

A nan ake rabuwa, kuma a nan daraktan tsare-tsare na ma'aikata zai fi tsayawa. Abin da aka saba shi ne jami'i ya zo taron safe, a jera adda da gariyo da barandami a kan tebur, a tsorata yara na rabin awa, a ɗauki hoto a watse. Wannan ba shiri ba ne, kuma an gwada irinsa a wasu ƙasashe an ga ƙarshensa. A Amurka an fara shirin D.A.R.E. a Los Angeles a 1983, 'yan sanda suna wa ɗalibai lacca kan ƙwaya. Ya bazu ko'ina, ya ci kuɗi mai yawa, amma da aka bi sawun yaran sai aka ga kusan babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba su yi ba. Kai yara gidan yari don su tsorata kuwa, bincike ya nuna ƙara musu aikata laifi yake yi.

Wanda ya fi kusa da abin da kuke nema shi ne G.R.E.A.T., da aka fara a birnin Phoenix a 1991 don hana yara shiga gungun 'yan daba. Zubinsa na farko bai rage shiga daba ba. Sai aka sake shi, aka mai da shi darasi 13 na koyon aiki da hankali: yadda yaro zai ƙi tayin abokai ba tare da ya ji ya zama matsoraci ba, yadda zai danne fushi, yadda ake raba rigima, yadda ake tsai da shawara. Binciken da aka yi a makarantu 31 na birane 7 ya nuna yiwuwar shiga daba ta ragu da kashi 39 cikin ɗari bayan shekara guda, kashi 24 bayan shekara huɗu. Ku sa wannan a takardarku, amma ku faɗi gaskiya cewa alƙaluman Amurka ne. Daba a can ta ƙwaya ce da iyakar unguwa. Kalare a Gombe, kamar sara-suka a Bauchi, akwai siyasa a gindinsa, kuma tun 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta yadda 'yan siyasa ke ɗaukar nauyin 'yan kalare. Ke nan dole a ƙara darasi kan kuɗin gangamin siyasa da abin da ke samun yaron bayan an rantsar da mai gida.

Ba sai kun ƙirƙiri komai daga tushe ba. Akwai manhajar Unplugged mai darasi 12 kan shaye-shaye, wadda ma'aikatar ilimi ta tarayya ta gwada a makarantun Najeriya tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, kuma hukumar NDLEA tana da jami'an wayar da kai a ƙarƙashin shirinta na WADA, na yaƙi da shaye-shaye. Ku ba su darasi biyu, su suka fi sanin tramol da sholisho da maganin tari.

Aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare za ku nufa, 'yan shekara 11 zuwa 14. Wanda ya kai aji biyar yana kwana a majalisar 'yan kalare, darasin aji ba zai dawo da shi ba, nasa maganin daban. Zango yana da mako 12 ko 13, amma makon farko ba a cika ba, biyun ƙarshe na jarrabawa ne, saboda haka darasi 10 ne ke shiga zango guda. In kuna son 12, ku raba su zango biyu. A nemi firiyod ɗin darasin zama ɗan ƙasa nagari, minti 35 zuwa 40, a cikin jadawali. Duk abin da aka ce sai bayan tashi, rabin aji sun tafi talla ko garejin koyon sana'a ko Islamiyya.

Hujjar gida da lissafi

Kafin ku rubuta ko layi ɗaya, ku tattara abin da ke rubuce. Daga makaranta: rijistar halarta ta zango uku da suka wuce, littafin horo, yawan waɗanda aka dakatar, yawan makaman da aka ƙwace a bakin get. Daga ofishin DPO: adadin 'yan ƙasa da shekara 18 da aka kama a shekara, adadi kawai ba suna. Shafi ɗaya ya isa. Wannan shafin shi ne ma'aunin da za a dawo a auna ku da shi, shi ne kuma abin da zai sa a sake ba ku baɗi.

Kada ku ce za ku rufe ƙananan hukumomi 11 a shekarar farko. Ku ɗauki makarantu 6 a cikin garin Gombe, ku warwatsa su, misali ɓangaren Pantami da Bolari da Jekadafari da Herwagana, don kada wata unguwa ta ce an yi mata tambari. Aji biyu a kowace makaranta, aji 12 ke nan. In kowane aji yana da yara 60, kuna da ɗalibai 720. Darasi 12 sau aji 12 ya ba da zama 144, kuma in jami'i yana ɗaukar aji biyu a zuwa ɗaya, zuwa 72 ne. Da wannan ake lissafin kuɗin mota: a ce naira 5,000 kowane zuwa, naira 360,000. Ku sa farashin da ake ciki ranar da kuke rubutu. Jami'ai 6 ake buƙata, amma ku horar da 9, da mata aƙalla 2 a ciki, saboda canjin wurin aiki ba ya sallama. Malamai 12, ɗaya kowane aji. Horo na kwana 5 ga mutum 21, da abinci da kuɗin mota da alawus ɗin mai horarwa. Littafin ɗalibi 800 a madadin 720, don wasu za su ɓace wasu su yage, a buga da Hausa da Turanci, a haɗa takardar farashi daga maɗaba'a uku. Taron iyaye biyu a kowace makaranta. Takardar tambayoyi kafin a fara da bayan an gama, da kuɗin wanda zai tattara sakamakon, gara a samo malami daga Jami'ar Jihar Gombe ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A ƙarshe a ƙara kashi 10 cikin ɗari don tashin farashi.

Ku raba jimillar da 720, ku rubuta abin da ɗalibi guda zai ci da manyan baƙi a shafin farko. Lambar da kwamishinan ilimi zai riƙe ke nan. Mota, kwamfuta, riguna da huluna, bikin ƙaddamarwa a otal, duk ku cire. Su ake fara yankewa, kuma suna sa a yi wa sauran kallon cin kasuwa.

Ƙofofi da lokutansu

Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, amma ana dafa shi tun tsakiyar shekarar da ta gabata. Wajen Yuli zuwa Satumba ma'aikatar kasafi ke aika wa ma'aikatu takardar kira, da iyakar abin da kowace za ta nema. Daga nan su kare buƙatunsu, gwamna ya kai majalisa a watannin ƙarshe, kwamitoci su zauna, a sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya kawo takarda a Fabrairu, sai dai a ce masa babu gurbi, ya jira ƙwarya-ƙwaryar kasafi in an yi. Takardarku ta isa ma'aikatar ilimi a Mayu ko Yuni, da sunan Kwamishinan ilimi ta hannun Babban Sakatare, kwafi ga daraktan tsare-tsare, domin a teburinsa ake zuba lambobi. Ku bincika tukuna ko makarantun da kuka zaɓa suna ƙarƙashin ma'aikata ne ko SUBEB. In na SUBEB ne, ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ake bi. Ku roƙi a ba shirin layi nasa da sunansa. In aka cusa shi cikin "wayar da kai" ko "sauran ayyuka", wani abin zai cinye kuɗin, ba kuma wanda za ku riƙe.

Akwai taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi da ake yi a shiyyoyin sanata uku. Ku je, mutum ɗaya ya yi magana ta minti biyu, ya miƙa rubutacciya, a tabbatar ta shiga rahoton taron. In kasafi ya isa majalisa, ku nemi shugaban kwamitin ilimi da na tsaro da ɗan majalisar mazaɓarku cikin 24 ɗin nan. Su ke iya mayar da abin da aka yanke.

Sauran ƙofofin ƙanana ne, amma wani lokaci sun fi sauri. Ƙaramar hukuma na iya ɗaukar kuɗin mota da buga littafi. Sanata ko ɗan majalisar wakilai na iya sa horon a cikin ayyukan mazaɓa, sai dai kuɗin ta wata hukumar tarayya yake biyowa da ɗan kwangila, abin da zai iso aji ya ragu. A Disamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin samar da kuɗin kare makarantu na 2023 zuwa 2026, na naira biliyan 144.8. Ƙarfinsa yana kan hare-hare da satar ɗalibai, amma ambatonsa tare da manufar ƙasa ta 2021 kan makarantu marasa tashin hankali yana ba jami'in da zai rubuta memo madogara. Shirin AGILE na Bankin Duniya, da Gombe da Bauchi suka shiga a zagaye na biyu, na 'yan mata ne, zai iya ɗaukar darasin dabarun rayuwa a makarantun da yake aiki, amma ba zai riƙe muku shirin maza ba. Kuɗin UBEC kuwa, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, akasarinsa gini ne da kujeru.

Bayan an sa hannu

Ganin sunan shiri a littafin kasafi ba kuɗi ba ne. Sai ma'aikata ta rubuta memo, gwamna ya amince, a aika ma'aikatar kuɗi, ofishin Akanta Janar ya saki. A kowane mataki fayil na iya kwanciya wata da watanni. Ku ware mutum ɗaya mai haƙuri da ladabi, ya riƙe lambar fayil da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya riƙa leƙawa duk mako biyu. A tura memo a wata ukun farko. Abin da bai fita ba har ƙarshen Disamba ya mutu, sai a sake nema daga farko. Saboda haka ku tsara farawa a zangon Satumba, amma ku ajiye abin da za ku iya yi da gudummawar PTA a makaranta ɗaya ko biyu idan sakin ya yi jinkiri.

In ƙungiya ce za ta karɓi kuɗin, sai tana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da lambar haraji, da takardar SCUML ta sashen hana halasta kuɗin haram, da asusun banki mai sa hannun mutum biyu. Kada kobo ya bi ta asusun wani jami'i ko shugaban makaranta. Kuɗin mota a tura wa kowane jami'i ta banki bayan darasi, bisa takardar da shi da malamin aji da shugaban makaranta suka sa wa hannu. In aka biya na zango gaba ɗaya tun farko, a mako na huɗu za ku fara jin "an tura shi aiki na musamman". A adana kowane rasit, a kai bayanin kashewa da wuri, don ba a sakin kashi na biyu sai an rufe na farko.

Abu biyu ke kashe shirin ko da kuɗi a hannu. Na farko, jami'i ya mai da aji wurin tatsar bayani. Ranar da aka kama yayan wani yaro bayan ya yi magana a aji, shirin ya ƙare, yaron kuma yana cikin haɗari a unguwa. A rubuta a yarjejeniyar ma'aikata da rundunar cewa ba tambayar suna a aji, ba kame a harabar makaranta saboda abin da aka ji a darasi, ba shiga da bindiga, ba duka, kuma malami yana nan daga farko har ƙarshe. Yaron da ya zo da damuwa a haɗa shi da malamin ba da shawara da iyayensa. Na biyu, hoton ɗan siyasa a bangon littafi. Ku gode masa a wasiƙa da wajen taro, amma littafin ya ɗauki tambarin ma'aikata da na rundunar kawai, in ba haka ba iyayen ɗaya jam'iyyar za su janye 'ya'yansu, gwamnati mai zuwa kuma ta tattara littattafan ta kulle a sito. A shekarar zaɓe ma ku sani ana kwashe jami'ai zuwa gangami da rumfunan zaɓe, sai a matsar da darussan zuwa zangon da ke bayan zaɓen, a kuma rubuta hakan a jadawalin da za ku miƙa tun farko.