Yadda za ka ƙara wa SQLite ma'ajiyar wucin-gadi

Idan manhajar lissafin shagonka a Gusau tana amfani da SQLite, wato injin rumbun bayanai, kuma tana jan ƙafa wajen neman kaya, gwada wannan.

1. Buɗe rumbun bayanan, ka rubuta PRAGMA cache_size; Yawanci za ka ga -2000, wato girman ma'ajiyar wucin-gadin, inda SQLite yake riƙe shafukan bayanan da ya karanta a ƙwaƙwalwar na'ura, kusan megabait 2 ne kacal. Da ta cika, sai injin ya yi ta komawa faifai yana sake ɗauko shafukan da ya riga ya karanta. Nan lokacin yake tafiya.

2. Rubuta PRAGMA cache_size = -32000; Kula da alamar ɗebewa: da ita kilobait ake nufi, babu ita kuwa yawan shafuka ne.

3. Yi binciken kayan sau biyu, na biyun ne zai nuna bambanci.

4. Saitin yana gushewa da an rufe rumbun, sai ka sa manhajar ta riƙa aika shi duk buɗewa. A ƙaramar waya dai, kar ka wuce gona da iri.