Yadda Za Ka San Ainihin Kuɗin Sabuwar Mota Kafin Ka Sa Hannu

Ranar da na je sayen sabuwar mota, farashi uku na ji a kan mota ɗaya: na talla, na takardar da ke manne a gilashi, da wanda mai sayarwa ya rubuto bayan na zauna. Na koma gida raina a ɓace, ban san wanne ne na gaskiya ba. Ga hanyar da na bi daga baya.

Da farko, tsai da motar da kake so tun kana gida: ƙira, shekara, aji da launi. Ka nemi lambar shasinta, mai haruffa da lambobi 17, don kada a yi ciniki a kan wata a ba ka wata.

Sai ka roƙi abu guda a rubuce: jimillar kuɗin da za ka biya ka fita da motar. A jero komai, kuɗin motar, na jigila daga masana'anta, haraji, rajista, kuɗin takardu. Aika wannan buƙata ga dillalai uku ko huɗu. Wanda ya ce sai ka zo a yi magana, ka sake tambayarsa. In ya ƙi, wuce shi.

Batun rangwame kuwa, nan ne aka fi rikita mutane. Akwai wanda kamfanin da ya ƙera motar ke bayarwa, akwai wanda dillali ke ragewa daga ribarsa. Na kamfani ba alherin dillali ba ne, don haka kada ya hana ka neman ragi. Sau da yawa talla kan tattara duk rangwamen wuri ɗaya, alhali wani na sojoji ne, wani na waɗanda suka gama karatu kwanan nan, wani kuma sai ka ci bashi ta hannun masu sayar da motar. Bi su ɗaya bayan ɗaya ka ce, “Wannan ya shafe ni? Yaushe zai ƙare?” Kuma galibi zaɓi ake ba ka tsakanin ragin kuɗi da bashi mai ƙaramin ruwa, ba a haɗa maka biyun. Lissafa kowanne har ƙarshen biya.

Idan aka tambaye ka nawa za ka iya biya a wata, kada ka amsa tukuna. Bashin wata 48 in aka miƙa shi zuwa wata 72, biyan wata zai yi sauƙi, amma ka ƙara wa kanka shekara biyu na kuɗin ruwa. Gara ka je bankinka tun farko ka ji abin da za su ba ka, domin dillali na iya ɗora nasa kuɗin ruwan a kan na banki.

Tsohuwar motarka, in musaya za ka yi, ajiye maganarta sai an gama cinikin sabuwar.

A ɗakin sa hannu za a kawo maka ƙarin garanti, maganin kare fenti, inshorar taya. Abin da ba ka nema ba, ka ce a cire. Ɗora yarjejeniyar kusa da takardar da aka aiko maka, ka bi layi-layi da yatsa. Ko layi ɗaya ya saɓa, ajiye biro sai an gyara an sake bugawa.