Kafin ka zauna gaban lauya a Saudiyya

A gida mun saba a tari Barista ɗan unguwa bayan sallar la'asar, a zayyana masa matsala, a rabu da "Allah ya saka da alheri". A Jidda ko Riyad zaman ma kuɗi ne. Istishara suke kiransa, kuma kuɗinsa daban yake da na ɗaukar shari'a. Don haka tun a waya ka tambaya: riyal nawa ne, minti nawa ne, an haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari? In na ba ka shari'ar, za a cire shi daga ladan aiki? Babu kunya a wannan, su ma 'yan ƙasa haka suke yi.

Ni da na fara zuwa a kan albashina da kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyina, ya riƙe, rabin lokacin ya tafi ina lalube a waya ina neman hoton kwantiragi, sauran kuma Larabcina na kasuwa ya cinye. Na biya cif, na fito da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka tafi da igama (katin izinin zama), kwantiragi, takardar banki da saƙonnin da kuka yi, an jera su bisa kwanan wata, da mai yi maka tafinta in harshen bai zauna ba. Ka karɓi rasit.

Mu'aƙƙib, mai zirga-zirgar takardu a ofisoshi, ba lauya ba ne, ko da bakinsa ya fi zuma. Lauya yana da lasisin Ma'aikatar Shari'a, ana kuma duba sunansa a manhajar Najiz.

Amma in rigimar albashi ce, kada ka yi gaggawar buɗe aljihu. Ma'aikatar ƙwadago tana da matakin sulhu kyauta, taswiya wuddiyya, na kwana 21 na aiki. In ba a daidaita ba sai kotun ƙwadago, inda ba a karɓar kuɗin shigar da ƙara daga ma'aikaci. Lambar wayar ma'aikatar ƙwadago 19911 ce. Masu aikin gida su ma su fara da ma'aikatar. Sai dai kada ka zauna jiran kafili ya ji tausayi: wata 12 bayan rabuwa da aiki, kotu na iya ƙin sauraronka.