Yadda ake zaɓen sola da na'urar ɗuma ruwa a gidajen Kumasi

Tun bayan wahalar dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, ta 2015, magidanta da yawa a Aboabo, Asawase da Sawaba suka sa ido kan sola. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar kuɗin farantin sola a kasuwa. Wurin farawa shi ne cikin gida: me ke shan wuta, na awa nawa, kuma wanne ne bai kamata a ɗora wa batir ba tun asali. A Kumasi ba ma bukatar ɗuma ɗaki, don haka zafin da ake nema na ruwan wanka ne, da girki, da guga. Waɗannan ukun su ne ke kashe batir da wuri.

Ka ɗauki takarda ka bi ɗaki-ɗaki. A bayan kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa, sai ka ninka shi da awannin da yake aiki. A ce gida yana da ƙwan LED 8 masu wat 9 na awa 6, wato 432. Fanka 3 masu wat 60 na awa 10, 1,800. Talabijin mai wat 80 na awa 5, 400. Firiji matsakaici wajen 1,200 a yini, cajin wayoyi 100. Jimilla ta kusa 4,000, wato yunit 4 irin na mitar ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki na Ghana. Idan gidan haya ne mai mita ɗaya, lissafa ɗakunanka kaɗai, kuma ka nemi yardar mai gida kafin a taɓa rufi.

Kafin ka sayi komai, rage wannan adadin. Tsohon firiji na gwanjo yana iya shan ninki biyu na sabo. Duba takardar taurari ta Hukumar Makamashi ta Ghana da ke manne a jikin firiji da na'urar sanyaya ɗaki: yawan taurari, ƙarancin shan wuta. Silin a ƙarƙashin kwano da tagogi masu fuskantar juna suna rage aikin fanka. Girki kuma a bar shi a kan gas.

Yanzu batun ruwan zafi, inda aka fi asarar kuɗi. Ɗuma lita 100 daga digiri 25 zuwa 55 yana cin kusan yunit 3.5, kusan daidai da duk abin da gidan da muka lissafa ke sha a yini. Hita ta lantarki tana jan wat 1,500 zuwa 3,000 a lokaci guda. In ka haɗa ta da inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, sai ka ninka faranti da batir don wankan asuba kawai. Mafita ita ce na'urar da rana ke ɗuma ruwan kai tsaye: bututun gilashi ko faifai mai baƙin ciki, da tanki a samansu. Ruwan da ya yi zafi yana hawa tanki da kansa, mai sanyi ya sauko, babu famfon lantarki. Ƙiyasta lita 40 zuwa 50 ga mutum ɗaya. Gida mai mutum huɗu tankin lita 200 ya ishe shi.

Abu uku ke lalata wannan na'ura. Na farko nauyi: lita 200 kilo 200 ne, ban da ƙarfen. Kafinta ya duba katakon rufi tukuna, in ya yi laushi a kafa mata ƙafar ƙarfe daga ƙasa ko a kan dakali. Na biyu ɗaukewar ruwan famfo. Idan tanki ya ƙafe, bututun gilashin ya gasu a rana, sannan ruwan sanyi ya shigo da tsakar rana, sai su tsage. Saboda haka a ciyar da ita daga babban tankin gida da ya fi ta tsayi, kuma cikon farko a yi shi da sassafe. Na uku, ruwan yana iya zafin da zai ƙona fata. A sa bawul mai gauraya zafi da sanyi kafin banɗaki, musamman inda akwai yara da tsofaffi. Wannan ba wurin tsumulmula ba ne. Mai amfani da ruwan burtsatse ya riƙa wanke tanki duk shekara saboda dattin da ke daskarewa a ciki.

Sai faranti. Kumasi ta fi arewacin ƙasar gajimare, daga Yuni zuwa Satumba rana kan yi kwanaki tana leƙe kawai. Yi lissafi da awa 4 na cikakkiyar rana, ka bar kashi ɗaya cikin huɗu ga asarar zafi, waya da ƙura: 4,000 raba 4, raba 0.75, ya ba da wajen wat 1,330. Faranti uku masu wat 450 sun kai da ƙyar, huɗu sun fi kwanciyar hankali. A fuskantar da su kudu, a karkata digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke su, a bar tazarar iska tsakaninsu da kwano. Inuwar reshen mangwaro ko ta tankin maƙwabci a kan faranti ɗaya tana rage ƙarfin dukan layin.

Batir shi ne mafi tsada. Na dalma mai volt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4, amma rabi kawai za ka ci in kana son ya yi ƙarko. Na litiyam mai volt 24 da amfiya 200 yana da kusan yunit 5, ana iya cin 4, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. A ajiye su a wuri mai iska, nesa da kicin.

Inbata mai kVA 3 ta isa wannan gidan, da sharaɗin ta zama mai tsabtatacciyar wuta irin ta ECG, volt 230, domin firiji yana jan ninki da yawa lokacin tashi, kuma mai arha tana sa fanka gurnani. Ma'aikaci ya ware layin dutsen guga da hita, su tsaya a kan ECG.

Nemi mai lasisin Hukumar Makamashi, ka ce ya rubuta maka sunan kowane kaya da garantinsa. Ka gani da idonka: wayar sola mai kaurin murabba'in milimita (mm²) 4 ko 6, abin katse wuta tsakanin faranti, batir da inbata, kariyar tsawa, da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Siririyar waya tana zafi har ta narke. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a goge faranti duk mako da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.