Darasi Na 6: Lissafin Wutar Gida Kafin Sayen Sola

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau kowa ya ɗauko biro da littafi, don darasin akwai ɗan lissafi, amma ba mai wahala bane, wanda ya iya lissafin cefane to wannan ma zai iya.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareto ya zama sai wane da wane, sannan a Afrilun 2024 aka mayar da yunit ɗin 'yan Band A naira 225, waɗanda aka ce za a riƙa basu wuta awa 20 a rana. Daga nan duk majalisar da ka zauna a Kano, daga Kurna har Sheka, hirar ɗaya ce, kowa sola sola. Toh sola abu ne mai kyau, amma wallahi da yawa sun saya sun yi kuka, kuma laifin ba na rana bane, lissafi ne ba a yi ba.

Kalma biyu zamu fara riƙewa. Ta farko wat. Wat shine cin da kayan wuta yake yi, kamar ka ce wannan yaron loma biyu ta ishe shi, wancan kuwa sai ya tashi da malmala uku. Duba jikin kwan fitila ko bayan talabijin ko gindin dutsen guga, zaka ga lamba da harafin W a gabanta, to shine. Ta biyu yunit, shine wanda KEDCO suke siyar mana a mita mai kati. Abu mai cin wat 1000 in yayi awa ɗaya a kunne, ya ci yunit ɗaya kenan. Shikenan. Wat sau awa, a raba da 1000.

Mu gwada da kwai. A ce gida yana da kwan fitila 6 irin na da ɗin nan mai jan haske da zafi, kowanne wat 60, ana kunnawa awa 6 kullum. 60 sau 6 sau 6 ya bada 2160, wato yunit 2 da ɗoriya a rana, a wata kusan yunit 65. Yanzu a cire su a saka kwan LED mai wat 9, haskensu kusan ɗaya ne. 9 sau 6 sau 6 ya bada 324, a wata ko yunit 10 bai cika ba. Kaga an tsira da yunit 55. In mun ɗauki yunit a naira 200 don sauƙin lissafi, naira 11,000 kenan duk wata, daga kwai kawai fa. Ka taɓa kwan da in ya jima a kunne, zafin da ya ƙona maka yatsa ɗin nan kuɗinka ne yake tafiya a banza.

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ta zauna a kai: duk abin da aikinsa yin zafi ne, shine ɓarawon wuta. Dutsen guga wajen wat 1000. Hitar dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti, 1000 zuwa 1500. Risho na lantarki shima haka. Fankar sama kuwa wajen 70 ce, cajin waya ko 20 ba kasafai yake kaiwa ba. Shi yasa nake dariya in naga maigida yana faɗa akan yara sun jona waya, alhali uwargida ta bar hita a bokiti tun asuba ruwa har ya tafasa ya gaji. Hajiya kiyi haƙuri, ba da ke nake ba. Guga a tara ta a yi lokaci ɗaya, kar a ce kullum riga ɗaya riga ɗaya ana sake ɗumama dutse. Firji a matsar da shi daga jikin bango kaɗan ya sha iska, kar a saka tuwo da zafinsa, kuma in robar ƙofar ta saki a canza, gwajin kuwa a datse takarda a ƙofar, in ta zare ba gardama to sanyi yana tsiyaya.

Zafin ɗaki ma wuta yake ci. Kakanninmu na cikin gari da suka yi soro da tubali da azara sun san abin da suke yi, katangar ƙasa mai kauri tana hana zafin rana shiga da wuri. Mu kuma muka yi bulo da kwano ba silin, watan Afrilu ɗaki kamar tanda. Silin, taga biyu masu kallon juna, bishiyar darbejiya ta yamma da ɗaki, duk suna rage wa fanka aiki. Ruwan sanyi kuwa randa bata taɓa neman yunit ba. Akwai ma wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, da ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Toh yanzu sola. Rana kam Allah Ya bamu, a Kano ana lissafa wajen awa 5 na rana mai ƙarfi kullum, har tashar sola mai megawat 10 aka buɗe a Kumbotso a 2023. Ta gida abu huɗu ce: faifai mai shan rana, kwanturola mai daidaita caji, batir mai ajiya, sai infata mai juya wutar batir ta koma irin ta Nepa. Faifai mai wat 300 sau awa 5 ya bada 1500, wato yunit 1 da rabi a rana, amma cire kamar kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da abin da yake ɓacewa a waya, sai ka riƙe 1100. Batir na ruwa da aka rubuta bolt 12 da am 200 a jikinsa, 12 sau 200 kenan, yana ɗaukar 2400, amma rabi kawai ake sha, 1200, in kana tatse shi tas kullum ba zai yi ƙarko ba. Na litiyom yafi juriya da daɗewa, sai dai kuɗinsa da ciwo.

Ga gidan misali. Kwai 4 na wat 9 awa 6, 216. Talabijin wat 60 awa 4, 240. Cajin wayoyi mu ce 60. Fanka 2 na wat 70 awa 8, 1120. Jimla 1636. Kaga faifai ɗaya bai isa ba, batir ɗaya ma da kyar. Amma duba waye ya cinye, fanka ce. Canza su da fankar sola mai wat 25, 25 sau 2 sau 8 ya zama 400, jimla ta dawo 916, faifai ɗaya da batir ɗaya sun riƙe gidan. Kuɗin fanka biyu bai kai na ƙarin faifai da batir ba ko kusa.

Ni kaina sai da na sha. Na sayi infata da batir wajen wani mai shago, ban tambayi komai ba shima bai faɗa min komai ba, ranar Juma'a ƙanina ya jona dutsen guga zai goge shadda, infata ta hau ƙara tiii tiii, wuta ta ɗauke, da dare muka kwana muna fifita da kwali. Bamu daddara ba muka ci gaba da jona firiza, batirin ko shekara bai yi ba ya mutu. Ƙaramar sola ta kwai ce da fanka da talabijin da caji. Guga da hita da esi a jira Nepa, ko a koma dutsen gawayi da gas, sai dai in aljihu zai iya babba.

Wajen kafawa, faifai ya kalli kudu da ɗan jirkice, kar inuwar tanki ko dish ta faɗa masa, don inuwa a kusurwa ɗaya tana rage wutar faifan sosai. Da hunturu ƙura tana rufe shi, a wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin yayi zafi. Batir a ajiye inda iska take shiga, nesa da murhu da yara, in na ruwa ne a riƙa duba shi ana ƙara ruwan batir, banda na rijiya ko na famfo. Waya ta zama mai kauri ta jan ƙarfe, siririya zafi take yi har ta tada gobara, kuma a nemi mai haɗawa da kaga aikinsa a gidan wani ba wanda ya cika baki ba. Mai janareto kuma dan Allah kar a kunna shi a ɗaki ko soro ko kusa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

Jinga, a kawo ranar darasi na gaba:

1. Rubuta kayan wuta 5 na gidanku da wat ɗin kowanne, a duba jikinsu kar a yi cinta.
2. Dutsen guga mai wat 1000 yayi awa 2, yunit nawa ya ci?
3. Mai mita ya rubuta lambar da ke jiki yau da magariba da gobe da magariba, mu ga yunit nawa gidan yake ci a kwana ɗaya.