Yadda Ake Samar da Ƙwayoyin Kansa Masu Jure Magani Domin Bincike

Mai son gano dalilin da ya sa magani ke daina kama ciwon kansa yana bukatar rukuni biyu na ƙwayoyi masu asali ɗaya, wanda magani ke kashewa da wanda ya gagare shi. Ana farawa da sanannen irin ƙwayoyin kansa da ake renawa a kwalba a ɗakin bincike, kamar MCF-7 na kansar mama, a tantance shi ta hanyar gwajin DNA, a kuma tabbatar ƙwayar cutar maikofilasma ba ta gurɓata shi ba. Daga nan a raba shi biyu, a daskarar da wani kaso a ruwan naitirojin, a rena sauran a na'urar ɗumama mai zafin digiri 37 da iskar kabon dayoksaid (CO2) kashi 5 cikin ɗari.

Kafin komai a auna IC50, wato yawan maganin da ke rage yaɗuwar ƙwayoyin da rabi. Gwajin MTT ya wadatar: ana zuba sinadarin MTT, ƙwayoyi masu rai suna mayar da shi daga ruwan ɗorawa zuwa shunayya, na'ura kuma ta karanta ƙarfin launin.

Sai a ware wani rukuni a gefe ba tare da magani ba, a zuba wa sauran maganin kansa, misali doxorubicin, ƙasa da wannan ma'auni. A kwanakin farko ƙwayoyi da dama za su saki gindin kwalba su riƙa yawo a cikin ruwan, tsiraru ne za su maƙale a ƙasa. Kada a ƙara magani sai waɗannan sun farfaɗo sun cika kwalbar, sannan a ɗaga shi kaɗan. Aikin yakan ci watanni, kuma a ganina gaggawa ce ta fi lalata shi, domin ƙari mai yawa lokaci guda yana iya ƙarar da su baki ɗaya. Duk tsawon lokacin a ci gaba da renon rukunin da bai ga magani ba a gefe, saboda daɗewa a kwalba kaɗai kan sauya ƙwayoyi.

Idan IC50 ya ninka sau da yawa, sai a shiga neman dalili. Abin zargi na farko shi ne P-glycoprotein, furotin da Juliano da Ling suka bayyana a 1976, wanda ke fitar da magani daga cikin ƙwaya kamar famfo. A zuba verapamil, mai toshe shi. Idan maganin kansar ya koma kisa, zargin ya yi ƙarfi. Idan babu sauyi, a karanta jerin DNA na furotin da maganin ke kai wa hari, domin, alal misali, sauyi guda mai suna T315I a furotin BCR-ABL shi kaɗai yana hana maganin imatinib, mai kai wa wannan furotin hari, kama wani nau'in kansar jini. Duk abin da aka gano a kwalba, wajibi ne a sake nemansa a samfurin marasa lafiyan da cutar ta dawo musu.